Gidan da Kafinta Ya Yi wa Damo

Duk unguwar babu mai kiran mutumin nan da sunansa, Sumul ake ce masa, shi ma har ya saba yana amsawa. Kafinta ne, irin waɗanda in sun gama kujera sai sun rufe ido sun bi ta da tafin hannu lungu-lungu. In yatsa ya ci karo da ɗan kaushi, ko da bai fi ƙwayar yashi ba, to aiki ya koma baya. Mai kujera ya yi ta sintiri har takalminsa ya suɗe, ko a jikin Sumul. Amma fa ranar da ya sallame ka, kayan da za ka ɗauka sai ka wanke hannu kafin ka taɓa.

Tun da matarsa ta rasu ya daina karɓar aiki. Ba ciwo ba, ba rashin ƙarfi ba, kawai abin ne ya fita daga ransa. Shagon yana nan manne da gidan, zarto da guduma kowanne a rataye a ƙusarsa, shi kuma yana kan benci a bakin ƙofa tun hantsi har rana ta yi sanyi, yana kallon masu wucewa kamar wanda aka ba ajiyar titi. 'Ya'ya sun watse, kowa da inda abinci ya kai shi. Auta ce kaɗai ta rage a garin. Ma'aikaciyar jinya ce, tana haya a can wani gefe kusa da asibiti.

Auta tana zuwa, kada a ɗauki alhakinta. Sai dai zuwan ne abin tausayi. Ina wuni, lafiya lau, ya aiki, da godiya, ya jiki, da sauƙi. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ita ta koma kallon waya, shi ya koma kallon ƙafar tebur. Ashe duk shekarun nan marigayiya ce ke riƙe da hirar gidan, ita ke ɗauko zance daga bakin wannan ta miƙa wa wancan. Da ta tafi, sai uba da 'ya suka ga ba su san hanyar juna ba. Kuma suna son juna, wallahi suna so, abin da ya fi ciwo ke nan.

Ranar da ta zo da labarin an yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, Sumul ya ce Allah ya sa alheri, ya ci gaba da kallon ƙafar tebur. Ita ce ta ƙara da cewa, "Damuwata ɗaya, Manaja."

Manaja ba mutum ba ne, damo ne. Ta tsince shi yana ɗan mitsitsi a bakin kwata, yara sun taru suna jifansa, ta kore su ta sa shi a kwalin magani ta kai ɗaki. Ta sa masa Manaja don ba ya komai sai kwanciya a ƙarƙashin fitila, a kawo masa abinci, a kwashe masa shara, ya kuma harare ka. Yau ga shi ya kai tsawon hannun babban mutum har da ɗori. Akwatin gilashin da yake ciki ya yi masa kaɗan, in zai juya sai ya naɗe wutsiya. Gidan ma'aikatan da za ta koma kuwa, ɗaki ɗaya mutum biyu, ko kyanwa ba a yarda da ita ba.

"Akwai wani mai kiwon irinsu a bayan gari," in ji Auta. "Ina tunanin in kai masa."

To, a nan ne Sumul ya yi nasa lissafin, kuma bai ɗauke shi lokaci ba. In damon nan ya koma bayan gari, duk ranar da Auta ta samu hutu can za ta wuni, uba ya samu gaisuwar tsaye. In kuwa damo yana gidansa, dole ta zo, dole ta zauna, wataƙila har ta kwana. Mutumin da ko ƙadangare ya gani a bango sai ya canza wurin zama, sai ga bakinsa yana cewa, "Kawo shi nan. Zan yi masa gida."

Auta ta ajiye waya ta dube shi sosai. "Baba, kai?"

"Ni. Ko kin san wani kafinta da ya fi ni?"

"Ba maganar kafinta ba ce. Dabbar nan in wuri bai yi masa ba, daina cin abinci yake yi, har ya mutu ba ka ji kukansa ba." Sai ta ƙara da cewa, "To mu yi haka. In ya ci abinci a gidan nan kafin in tafi, na bar maka shi. In bai ci ba, zan kai shi bayan gari, kuma ba za ka ji haushi ba."

Ya ce ya yarda. Ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla: tsawo kaza, faɗi kaza, tsayi kaza, a jikin bangon da rana ke bugawa da safe. A zuba ƙasa mai yawa don yana haƙa, a samo gungume mai ɓawo don yana hawa, a bar masa duhun da zai ɓuya. Sumul yana gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Amma kunnen kafinta ne a kansa. Ya ji tsawo, ya ji faɗi, ya ji tsayi, sauran maganar duk ta bi iska.

Washegari aka ji zarto yana kuka a shagon da ya daɗe shiru, har maƙwabta suka leƙo su ga ko ɓarayi ne. Ya taka tsani ya sauko da katakon da ya daɗe yana ɓoyo, jan katako mai nauyi, wanda manyan mutane suka yi ta magiya ya yi musu tebur da shi ya ƙi. Ya auna, ya sake aunawa, ya ja layi da fensirin da ke maƙale a kunnensa. Garin katako ya cika masa gira da gashin hannu. In ka gan shi a kwanakin nan za ka rantse an rage masa shekaru, har waƙa aka ji yana yi ƙasa-ƙasa, shi da ba ya waƙa.

Maƙwabcinsa mai walda, abokin faɗansa na tun tuni, shi aka ba aikin ragar sama. Ya shigo tsakar gida da tef a hannu, ya ga abin da ake haɗawa, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Malam Sumul, aure za ka ƙara ba ka gaya mana ba?"

"Auna ka tafi."

"Wannan duk don damo? Ni da za a ba ni shi, tukunya ɗaya ta ishe shi gida, har da murfi."

"Ka faɗi haka a gaban Auta, ka ga yadda ake yi wa babba allura."

Gida ya tashi, kuma ba a cewa komai. Tsawonsa ya cinye bango guda, babban mutum zai shiga ya miƙe tsaye. Gaba duk gilashi, don a riƙa ganin mai gidan ta kowane gefe. Daɓen katako an haɗa shi ba kan ƙusa ko ɗaya a fili, ka nemi inda wannan ya haɗu da wancan ka rasa. Maimakon gungume, Sumul ya yi matakala mai hawa-hawa da ta kai ga wani ɗan dandamali, ya zagaye bakin kowane taki don kada baƙo ya ji ciwo. Sannan ya shiga gugar samfefa, mai kaushi, mai laushi, mai laushin laushi, ya bi da folish shafi bayan shafi har yana ganin fuskarsa a daɓe. Da ya tuna an yi maganar ƙasa, sai ya dubi daɓen nan ya ce a ransa, ƙasa a kan wannan? Allah ya kiyaye. Ya wanke yashi tas, ya zuba a wani ɗan faranti ya ajiye a kusurwa, don dai kada a ce bai ji magana ba.

Auta ta iso da tasi, ita da direba suka shigo da akwatin gilashi suna nishi. Ta tsaya gaban aikin ta ƙare masa kallo. Sumul yana gefe ya goya hannu a baya, yana kallon sama kamar ba shi ya yi ba.

"Ya yi kyau, Baba," ta ce a hankali. "Ya yi kyau ƙwarai."

Da mai lura ne da ya ji akwai saura a muryar. Ina, shi daɗi ya riga ya toshe masa kunne.

Ta ɗauko Manaja ta rungume kamar jariri, Sumul ya ja da baya har ya taka ƙafar mai walda. Ta sunkuya ta ajiye shi a tsakiyar daɓe. Manaja ya zaro harshe, ya mayar, ya ɗaga ƙafa zai yi takun manya. Sai ƙafafun nan huɗu kowacce ta kama gabanta. Ya faɗi rub da ciki, ya yunƙura, farata na ƙar-ƙar-ƙar a kan folish, yana iyo a busasshen wuri. Mai walda ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ƙyar damo ya ja jiki ya kai kusurwa, ya kumbura wuya, ya yi wani huci, ya kafa hanci a jikin gilashi ya tsaya a nan.

A nan ya wuni, a nan ya kwana. An kawo fara, bai kalla ba. An kawo dafaffen ƙwai, an kawo dodon koɗi da ya fi so, ya yi biris. Sumul ya aro dogon awartaki wurin mai walda, yana miƙa abinci daga nesa, rabin jikinsa a waje, yana lallashi: "Haba Manaja, ɗan taɓa mana." Manaja ya harare shi ya kau da kai.

Kuma ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya zauna ya yi tunani iya tunaninsa, ya gano cewa lallai akwai kaushi a wani wuri da ke damun baƙo. Ya jira Auta ta fito da damon don ta duba shi, ya faki ido ya shiga da samfefa ya ƙara goge matakala. Kai, wani mutum sai Allah.

Auta kullum in ta tashi aiki sai ta biyo, da kayan asibiti a jikinta. Ta tsuguna gaban gilashi, shi ya tsaya a bayanta. Ranta a ɓace, shi kuma, Allah ya yafe masa, wani ɓangare na zuciyarsa daɗi yake ji, don rabon da ya ga 'yarsa kullum-kullum haka har ya manta. Amma damo yana ramewa. Gindin wutsiya da ke cike ya fara motsewa, hanci ya saɓule saboda gogar gilashi.

Ranar da ta ga jini a hancin, ta miƙe ta share hannu a riga. "Baba, zan kira mutumin nan na bayan gari."

Zuciya ta ɗebi Sumul. Tsoro ne, amma da faɗa ya fito. "Me ya rasa? Nuna min. Shiga ki shafa, in kin sami aibu ɗaya a aikin nan ki kira shi yanzu."

"Ba zan samu ba, ai na sani." Ba ta ɗaga murya ba. "Baba, kabad ka yi masa. Ba shi da inda zai kafa farce. Ba shi da inda zai ɓuya, ta ko'ina ido ne a kansa. Warin folish ɗin nan ni ma yana hawa min kai, balle shi da ke lasar iska. Na ce ƙasa, ka kawo masa faranti."

Ya dubi farantin yashin nan a kusurwa, sai yau ya gan shi yadda yake, kunya ta rufe shi.

"In an gyara fa?"

"Gyaran shi ne a ɓata shi. Kai kuwa ba za ka iya ba."

Ya shiga shago, ya fito da gizago, ɗan gatarin nan da ake sassaƙa da shi. Auta ta mayar da Manaja tsohon akwatinsa. Sumul ya tuɓe takalmi, don har yanzu bai iya taka daɓen da takalmi ba, ya shiga ya tsaya gaban matakala. Ya ɗaga gizago. Ya sauke. Ya gyara tsayuwa ya sake ɗagawa. Hannun da ya ƙare rayuwarsa yana farautar kaushi ya ƙi saukowa. Allah sarki, gumi har cikin ido.

Ya juyo ya miƙa mata. "Ungo. Ke sara. Ni hannuna ya ƙi."

Auta ta karɓa kamar an miƙa mata wuta. Ita da ta tashi a gidan da ko kofi ba a ajiyewa a kan tebur sai an shimfiɗa ƙyalle, yau ga ubanta ya ba ta gizago ya nuna mata jan katako. Ta ɗan taɓa bakin matakala, ƙwas, ɗan ɓalli ya fita. Sumul ya runtse ido kamar a haƙorinsa aka yi.

Da ya buɗe ya ga yadda ta riƙe ƙota, sai ya manta da zafin. "Wa ya koya miki riƙo haka? Ƙafarki za ki sare. Sauko da hannun nan. Raba ƙafa. Bi jijiyar katakon, kada ki yi faɗa da ita." Ya kama hannunta ya gyara, suka sauke tare. Wani ɓalli mai faɗin tafin hannu ya yi tsalle ya bugi gilashi. Suka dubi juna. Ita ta fara dariya, shi ya yi ta maza ya ɗaure fuska, bai kai ko'ina ba ya biyo ta.

Daga nan aiki ya kankama. Ta sara, ya karɓa ya sara, don da hannun ya ga an riga an yi ɓarna sai ya saki jiki. Suka kankare folish har ainihin katako ya fito. Suka cire rabin gilashi suka maye gurbinsa da tsofaffin alluna masu faso, waɗanda ya daɗe yana niyyar ƙonawa. Mai walda ya leƙo ta kan katanga, ya ga uba da 'ya suna ragargaza aikin da aka hana shi ko jingina a jiki, ya ce, "Lafiya kuwa? In kira mutane?" Aka ce ya bar mutane, ya kawo baro.

A cikin saran nan ne magana ta ɓalle, ba wanda ya shirya ta. Ta ba shi labarin wani tsoho a ɗakin jinya da ke ɓoye ƙwayoyin magani a cikin safa. Ya ba ta labarin kujerar farko da ya yi, wadda ta karye da maigidansa a gaban baƙi. Ta ce ba ta taɓa ji ba. Ya ce ai ba ki taɓa tambaya ba. Ta ce kai ma ba ka taɓa tambayata komai ba sai ya aiki. Suka yi shiru, amma ba irin shirun da suka saba ba, wannan hannuwa na motsi a cikinsa. Can ya ce, "To shi tsohon, an kama shi?"

Aka bar gidan a buɗe rana ta gasa shi har warin ya fita. Auta ta tausaya wa uban ta yarda a shimfiɗa leda mai kauri a kan daɓe. Sannan aka shiga jidar ƙasa, baro bayan baro, mai walda na turawa yana mita, har ta kai gwiwa. Ta yayyafa ruwa, ta dunƙula a hannu ta nuna masa: in ta riƙe ba ta warwatse ba, to rami ba zai rufta ba. Suka je ƙarshen layi inda wata bishiya ta daɗe da faɗuwa, suka jawo gungume da ɓawonsa da komai. Da suka juya shi sai ga gara tana zuba. Sumul, da babu abin da ya tsana a duniya kamar gara, ya tsaya yana kallonta, sannan ya ce, "A shiga da shi."

Abin da ya fito, in gaskiya za a faɗa, mummuna ne, kamar kango. Ƙofa kaɗai ta tsira da ƙyallinta, don Auta ta ce a bar masa ita ya riƙa gani yana jin sanyi.

Aka sake kawo Manaja. Ya taka ƙasa, ya tsaya. Harshe ya fita, ya koma, ya fita. Ya yi taku, ƙafa ta kama. Ya zagaya gungume, ya hau, ya sauko, farata na cin ɓawo. Sai ya sa kai ƙarƙashinsa ya fara haƙa, yana watso ƙasa baya da ƙarfin da ba wanda ya zaci ya rage masa, har ta sami Sumul a gaban riga. Kafin a ce me, sai wutsiya, daga nan sai bakin rami.

Shi ke nan, ba a sake ganinsa ba. Sumul ya ajiye ƙwai a bakin rami da safe, da yamma ya ɗauke shi yadda ya ajiye. Ya ajiye fara, fara ta yi tsalle ta kama harkarta. Kwanaki suka yi ta tafiya, Auta na can tana haɗa kaya, shi yana tsugune gaban rami har gwiwoyinsa suka yi tsami. Sharaɗi dai a fili yake, kuma da bakinsa ya amsa: in bai ci ba, za a tafi da shi.

Ranar tafiya Auta ta zo da safe, mota na jira a waje da akwatunanta. Ta tarar ya wanke tsohon akwatin gilashi ya goge, ya ajiye a tsakar gida, ga shebur a jingine.

"Wannan fa, Baba?"

"Bai ci ba." Ya ƙi kallonta. "Sai a tono shi. Ni zan kai shi bayan garin, ke kada ki makara."

Ta dubi shebur, ta dubi rami, ta dubi uban. Ta ɗauki shebur ɗin ta kai shago ta dawo.

"Ba a tono shi. Da wurin bai yi masa ba, da yana jikin gilashi yana neman hanya. Ya haƙa, ya kwanta, zai fito in ya ga dama. Manaja ne."

"Amma ai kin ce..."

"Na san abin da na ce."

Sai ya kasa riƙewa. "Auta, ni fa tsoron dabbar nan nake ji. Har yau. Don ke na yi, don ki riƙa zuwa."

"Na sani, Baba, ai ba ka iya ɓoye abu ba." Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bayan hannu. "Ka riƙa yayyafa wa ƙasar ruwa. In ya fito ka kira ni, ko ina kan aiki."

Ta durƙusa, ya dafa kanta ya sa albarka. Direba ya danna hon. Ya raka ta bakin ƙofa ya tsaya har mota ta sha kwana, sannan ya dawo, tsakar gidan ta yi masa faɗi.

Jiran da ya biyo baya ba daɗi. Ya jawo ɗan kujera ya kafa gaban rami. Auta tana kira, amma me za a ce? Ya fito? Bai fito ba. To shi ke nan, sai anjima. Ga su suna komawa inda suka fito, kuma yana ji a jikinsa. Mai walda, da ba ya tauna magana, ya ce wataƙila fa abin nan ya mutu a ciki, a tono kafin ya yi wari. Sumul ya kore shi, amma maganar ta zauna. In Manaja ya mutu a hannunsa, da wane ido zai kalli Auta, kuma me zai sake kawo ta? Ya je shago ya ɗauko shebur, ya tsaya da shi a bakin ƙofa har hannunsa ya gaji, ya mayar. An ce ba a tono shi, wannan karon ya ji maganar gaba ɗayanta.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga ta bugi gungume, yana zaune yana gyangyaɗi, sai ƙasar bakin rami ta motsa. Harshe ya fara fitowa, sannan hanci, ya warke, ƙasa ta yi masa hula. Manaja ya ja jiki a hankali kamar wanda babu mai bin sa bayani, ya hau gungume ya baje a rana. Sumul ko numfashin kirki bai yi ba. Ya bari sai da jikin ya ɗauki zafi, sannan ya kama dodon koɗi da awartaki, ya buɗe ƙofa, ya miƙa. Manaja ya harare shi. Ya lasa iska. Ya wafce, ƙarus, ya haɗiye, ya ɗago kai yana jiran wani. Aka miƙa ƙwai, shi ma ya shige.

Sumul ya zaro waya da sauri, har ta kusa suɓucewa daga hannunsa. Auta tana ɗauka bai gaishe ta ba, bai tambayi aiki ba.

"Ya ci."

Ya ji ta ja numfashi. Sai ya shiga ba ta labari tun daga farko: yadda ƙasa ta motsa, da ƙafar da ta fara fitowa, da hular ƙasar, da hararar, da yadda ya cinye koɗin ya bi da ƙwai ko godiya babu. Ya gaya mata abin da mai walda ya ce, da yadda zai je ya tsaya a ƙofar shagonsa ya faɗa masa da ƙarfi kowa ya ji. Ita kuwa sai dariya take yi. Ya yi ta zuba har bakinsa ya bushe, sannan ya farga.

"Af, na tsayar da ke, kina kan aiki. Je ki, sai anjima."

"A'a Baba, kada ka kashe. Na fito waje. Ci gaba, daga nan sai ya yi me?"

Sumul ya share fuska da hannun riga, ya dubi gungume. Manaja bai yi komai ba daga nan, yana kwance ya lumshe ido, ciki ya ɗauka. Ya gyara zama a kan kujera, ya mayar da wayar ɗaya kunnen, ya shiga gaya mata yadda yake kwancen.